Ja Tara, Baƙi Tara, Kore Biyu

Zuwa ga Yaya Malama,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙane ga babbar yaya, da fatan ɗalibai ba su ƙarasa tsufar da ke ba. Mu nan lafiya lau. Amarya tana gaishe ki. Ba ta san ina rubuta wannan ba, amma na san da ta sani za ta ce in gaishe ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban motar safe. Wayata in na ajiye Amarya ta ɗauka, kuma abin da nake so lissafi ne, shi kuwa ba ya zama a kunne. Ki ba direban amsa, zai ajiye min a shago.

Labari biyu ne. Na farko, mai ginin da shagonmu na kafinta yake ciki zai sayar da shagunan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce saboda Baba, Allah ya ji ƙansa, ni zai fara yi wa tayi, ya ba ni zuwa ƙarshen wata mai zuwa. Abin da muka tara ni da Amarya rabin kuɗin ne, ba ƙari ba ragi. Mai sayar da taya na gefe ya fara shigowa gaishe ni da safe, yana gaisuwa yana kallon bango. Kin san teburin aikin Baba a cikin shagon ya haɗa shi, ya fi ƙofa faɗi. In na tashi sai dai a sa masa zarto. Ba roƙo nake ba, ki mayar da jakarki inda kika ɗauko ta.

Na biyu na wani abokina ne. Akwai wani wajen wasa da aka buɗe a bayan tasha, da na'ura mai faifai a allo. Faifan gida ashirin gare shi: tara ja, tara baƙi, biyu kore. In ka zuba ɗari a kan ja ya tsaya a ja, a ba ka ɗari biyu. In ya tsaya a wani gida, shi ke nan. Abokin nawa yana so ya san ko akwai riba. Tunda abin da kike koyarwa ke nan a jami'a, na ce bari in tambaye ki.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso da warin gam da hoton babban yatsanka a kusurwa, don haka ko ba ka sa hannu ba na san mai ita. Ina lafiya. Ɗalibai suna nan suna rubuta min amsoshin tambayoyin da ban yi ba.

Ka gai da abokin naka. Ya yi dace da aboki, wanda ya tsaya ya ƙirga masa gidajen faifai ɗaya-ɗaya, kuma yake jin nauyin kiran wurin da sunansa. Sunansa shagon caca. Ka faɗa a bakinka sau ɗaya, ba ya cizo.

Ga lissafin, ka karanta masa a hankali tunda kusa kuke. A ce ya zuba ɗari a kan ja har sau ashirin, faifan kuma ya yi adalci irin na littafi, ya tsaya a kowane gida sau ɗaya. Sau tara ya ci, ya sami 900. Sau goma sha ɗaya an ci shi, ya rasa 1,100. Ya tashi da hasarar 200. Raba 200 ɗin a kan wasa ashirin, kowane wasa ya ɗauki 10. Wannan goman ita muke kira ƙimar tsammani, wato abin da wasa ɗaya yake bari a aljihunka in an baje ci da faɗuwa an daidaita su. A nan ba bari take yi ba, cirewa take yi. Duk ɗarin da ya miƙa, goma ta riga ta yi sallama da shi tun kafin faifan ya motsa.

Korayen nan biyu da babu mai kula su, su ne albashin mai karɓar kuɗi, su ne kuɗin wuta da na haya da fankar da ke busa wa abokinka iska yana tsaye. Ja da baƙi ado ne. Mai shagon bai san wanda zai ci gobe ba, kuma bai damu ya sani ba.

Maganar shagon Baba ta fi wannan tsaya min. Tun da na karanta nake tuna yadda muke ɓuya a bayan teburin nan in an aike mu, Baba yana fiƙe ƙusa yana yi kamar bai gan mu ba. Ka ce in mayar da jakata. Na mayar, amma ban zuge ta ba. Akwai abin da nake tarawa na mota, saboda na gaji da hawa bas biyu ina riƙe da takardun jarrabawa a ƙirji kamar jariri. Motar ba ta san da ni ba, ba za ta yi fushi ba in na ƙara mata shekara.

Ka gai da Amarya da bakinka, ba da nawa ba.

Yayarka

*

Yaya Farfesa,

Bayan gaisuwa. To, ni ne. Kin ji daɗi?

Lissafinki ya yi kyau a takarda, na ma nuna wa maƙwabcina mai fenti ya ce rubutunki kamar na inji. Amma akwai inda bai shiga kaina ba. Goman nan da kike cewa ana cire min, ban taɓa ganin ta ba. Ban taɓa miƙa ɗari an dawo min da casa'in ba. Ko in ci ɗari, ko a ci ɗari. Kuma tun da na fara, na yi wasa ya kai sau ɗari, ɗari-ɗari nake zubawa, kuma ba a cikin hasara nake ba. Ina sama da ɗan abin da ba a rasa ba. In lissafinki gaskiya ne ya kamata a ce dubu ta fita daga aljihuna. Ta ina ta bi?

Ba musu nake ba, tambaya nake. Kwanakin nan zama ba ya kama ni. Shekaranjiya na yanka ƙofar wani mutum ta gaza da faɗin yatsa biyu, ni da Baba ya koya wa awo da rankwashi. Na ce wa mutumin katakon ne ya sha iska. Da rana in na ji injin ya yi shiru sai in ga ƙafata ta kai ni bayan tasha, in tsaya a ƙofa kamar mai jiran wani. Mai taya kuma jiya da tef ɗin awo ya shigo gaisuwa. Ya ce aro ya zo mayarwa. Ban taɓa ara masa tef ba.

Maganar kuɗin motarki, na gode, a bar ta.

Ki amsa min tambayata kawai. In goma ce, me ya sa ban gan ta ba?

Naki, Auta

*

Auta,

Salama da fatan alheri. Sai na tashi na rufe ƙofar ofis kafin in amsa maka, saboda tambayar da ka yi ita nake jira daga aji mai mutum tamanin tun farkon zango, babu wanda ya yi ta. Abokin ofishina yana ta ɓare gyaɗa yana tambaya ko lafiya nake murmushi.

Ba ka ga goman ba saboda tana tafe da rakiya mai hayaniya. A littafi sunan rakiyar ma'aunin karkata, ni kuwa lilo nake ce wa ɗalibaina. Ƙimar tsammani tana gaya maka inda aka ɗaura igiyar, lilo yana gaya maka nisan da za ka yi gaba da baya.

Ga yadda ake auna shi. Tsakiyarka hasarar 10 ce. In ka ci ɗari, ka yi nisan 110 daga tsakiya. In an ci ka ɗari, ka yi nisan 90. Ninka kowanne da kansa: 12,100 da 8,100. Na farko yana zuwa sau tara cikin ashirin, na biyu sau goma sha ɗaya. In ka ba kowanne rabonsa ka haɗa, za ka sami 9,900. Sai ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 9,900. Saura ƙiris ta cika ɗari, mu ce ɗari. To ka gani: hasara goma, lilo ɗari. Wa zai ji motsin goma a cikin wannan girgiza?

Yanzu ka gyara zama, nan ne daɗin. In ka yawaita wasa, su biyun ba gudu ɗaya suke ba. Hasara tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wasa. Lilo kuwa malalaci ne: sai ka ninka wasa sau huɗu kafin ya ninka sau biyu.

Wasa ɗari: hasara 1,000, lilo 1,000. A nan wajen mutum ɗaya cikin shida zai tashi bai yi hasara ba.
Wasa ɗari huɗu: hasara 4,000, lilo 2,000. Saura mutum biyu ko uku cikin ɗari.
Wasa ɗari tara: hasara 9,000, lilo 3,000. Ɗaya ko biyu cikin dubu.

Kai ne ɗayan nan cikin shida, ina taya ka murna. Sauran biyar ɗin ba sa rubuta wa yayyensu wasiƙa, shi ya sa ba ka jin labarinsu. Dubunka ba ta ɓata ba, tana hanya, bas biyu take hawa kamar ni.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: faifai ba ya cin mutum da wasa ɗaya, da yawan wasa yake cinsa. Duk komawar da ka yi, ƙara masa lokaci kake. Lilo shi ne kaɗai abokinka a ɗakin nan, kuma kowane wasa yana rage masa ƙarfi.

Ka sake wa mutumin nan ƙofarsa. Katako ba ya shan iska har faɗin yatsa biyu, ko ni na san wannan.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma na gode. Ban taɓa fahimtar karatu kamar wannan ba. Da haka aka koya mana a makaranta da ban gudu ba.

Na daina zuwa zuba ɗari-ɗari. Tun ranar da takardarki ta zo ban zuba ko sisi ba, ki tambayi mai fenti. Kin ce yawan wasa ne yake ba faifai dama, kuma lilo ne abokina. Na juya maganar nan ina goge katako har na gano inda ta nufa. Wanda yake da rabin kuɗi yana neman ya cika, bai kamata ya yawaita ba. Sau ɗaya ya kamata ya yi. Ya ɗora duka a kan ja, lokacin da lilo yake da cikakken ƙarfinsa. In ya tsaya a ja, na fita da kuɗin shago cif, ba zan sake taka wurin ba har abada.

Na yi wa manajan wurin maganar a kaikaice. Ya ce babban zubi sai a babban reshensu, amma zai raka ni da kansa. Ya sa aka kawo min kujera da lemo mai sanyi. Duk zuwan da nake yi ban san suna da kujera ba.

Yanzu ki gaya min gaskiya. In na kasa kuɗin kashi goma ina zubawa kaɗan-kaɗan har ya ninka ko ya ƙare, da in na zuba gaba ɗaya, wanne ya fi kusa da kai ni? Ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Ko lokacin jinyar Baba, kowa yana ce min da sauƙi, ke ce kika ja ni bakin baranda kika gaya min abin da likita ya ce. Kada ki fara yanzu.

Kuma tunda na san za ki sake ɗago maganar jakarki, bari in faɗa sau ɗaya. Ke kika biya asibiti. Ke kika sake rufin gida. Injin da nake yanka da shi ke kika saya. Ban manta ba, kuma ba a bari in manta: duk wanda ya shigo shagon sai ya ce Allah ya yi wa Malama albarka. In kika biya shagon ma, me ya rage da zan nuna in ce wannan ni ne? Gara in rasa shi da hannuna.

Wata ya kusa raba tsakiya. Ki yi sauri.

Auta

*

Auta,

Amincin Allah ya tabbata gare ka, ko da yake ka hana ni nawa.

Takardarka ta same ni zan shiga aji. Na koyar da abin da ban san me na ce ba, na goge allo da hannun rigata, na sauka daga bas kafin tashata na ƙarasa da ƙafa. Kwandon shara na ofis ya cika da amsoshin da na fara na yayyaga. A wasu na yi maka ƙarya. Ƙaryar ta yi kyau, da lambobi da komai, kuma ba za ka taɓa kama ni ba. Sai na ga in na aiko ta, na zama manaja na biyu, mai kujera da lemo.

Ga gaskiya. In ka kasa kashi goma, damar ka ninka kafin ka ƙare wajen goma sha biyu ce cikin ɗari. In ka zuba gaba ɗaya, arba'in da biyar ce cikin ɗari. Ka yi daidai. Da a ajina kake da na ba ka cikakken maki, sannan in aika a kira iyayenka. Na ji daɗin tambayarka har na manta wa yake yin ta da abin da ke aljihunsa.

Amma ka juya lambar ka ga bayanta. Hamsin da biyar cikin ɗari, za ka fito daga babban reshen nan ba shago, ba rabin kuɗi, ba kuɗin hayar wani wurin, ka nufi gida wajen matar da ban ga sunanta ko sau ɗaya a lissafinka ba. Manajan ba zai rako ka dawowa ba.

Na san wa'azi ba ya shigarka, tun kana yaro in an ce kada ka taɓa sai ka lasa. Don haka ba zan hana ka ba. Ciniki na kawo. In dai sai ka yi caca, ka yi da ni. Ni ba ni da kore, ba na biyan haya da fanka. Kwabo za a jefa sau ɗaya, hamsin da hamsin, ya fi abin da faifai zai ba ka da biyar, kuma kai da ka iya lissafi yanzu ba ka da hujjar ƙi.

In gefen hoto ya fito, ka ci. Na ba ka rabin da ya rage, ba kyauta ba, ci ka yi, kana iya gaya wa duk mai sa min albarka cewa cinye ni ka yi. In gefen lamba ya fito, na ci. Kuɗinka ya zama nawa, in haɗa da nawa in sayi shagon da sunana, ka zama ɗan hayata, ka riƙa biya duk wata, kuma ni ba irin mai ginin nan ba ce da ake ba wa haƙuri.

Sharaɗi ɗaya. Caca tana buƙatar mai riƙe kuɗi wanda ɓangare biyu suka yarda da shi. Amarya ce za ta riƙe, ita za ta jefa. Ma'ana sai ka gaya mata, da bakinka, tun daga faifai.

Ka amsa ta motar gobe. Ba na iya gyara takardar kowa sai na ji.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Amarya ce. Ki yi haƙuri da takardar, daga littafin asibiti na yago ta a lokacin hutun rana.

Ya gaya min. Ya kira ni shago bayan na tashi aiki, ya juya min baya yana goge wani katako da ya riga ya yi santsi kamar madubi, ya yi wa bango bayani tun daga faifai har zuwa kwabo. Na bar shi ya gama. Ban ce masa na sani ba. Mahaifiyar yarinyar da ke karɓar kuɗi a wurin tana zuwa allura wajena, ita ta ce min, “Nas, mijinki mutumin kirki ne, shi kaɗai yake yin sallama in zai shiga.” Jira nake in ga ranar da zai faɗa. Abin da ban sani ba shi ne babban reshe. Da ya zo nan sai da na nemi wuri na zauna a kan buhun garin katako.

Yaya, zan faɗi wata magana, ki yafe min in ta yi kauri. Ku biyu kun yi ta aika wa juna lambobi a mota, ja kaza, kore kaza. Kuɗin da ake magana a kai, kashi biyu cikin uku nawa ne. Aikin ƙarin lokaci ne, da ranakun hutun da na sayar, da takalmin da nake ta kai wa gyara. Shi bai tambaye ni ba, ke ma sai a wasiƙa ta uku kika sa ni a lissafin, kuma a matsayin mai riƙe jaka.

Sannan ni a karatuna caca caca ce, ko da manaja ko da ’yar’uwa. Ban ga inda aka ce in babu kore ta halatta ba.

Duk da haka na ga abin da kika gani. Mutumin nan ba ya cin abinci a zaune. In na ce a’a, ƙafarsa ta san hanyar tasha. Ki aiko da kuɗin ta banki da sunana, nasa ma na karɓe na haɗa. Zan riƙe. Zan kuma jefa, a shago, a gabansa, ranar da zan huta.

Allah ya saka da alheri, ya ba ki motar da ta fi wadda kika fasa.

Ƙanwarki, Amarya

*

Yaya,

Gaisuwa. Na yarda, amma kada ki ɗauka ban gane ba.

Na yi lissafin ɓangarenki yadda kika koya min. In hoto ya fito, kuɗin mota ya tafi. In lamba ta fito, kuɗin mota ya tafi. Ta kowace hanya bas biyu za ki ci gaba da hawa. A wajen aljihunki babu lilo ko kaɗan. Wannan kyauta ce kika sa wa hula da tabarau.

A wajena kuwa caca ce ta gaske: ko mai shago, ko ɗan haya a wurin da ubana ya tsufa, ina kai wa yayata kuɗi duk wata tana min kallon nan nata ta saman gilashi. Shi ya sa na yarda.

Wani abu ya ɗan ba ni tsoro, ban gaya wa Amarya ba. Da na karanta hamsin da hamsin, ya kamata in ji daɗi. Sai na ji kamar an ƙwace min wani abu. Ina son in ga faifan nan yana rage gudu, yana wuce baƙi, yana wuce kore. Ban san tun yaushe son wannan ya kamo son shagon ba. Ki ajiye wannan a wajenki.

Na wanke kwabon, na ajiye a kan teburin Baba. Mai taya ya shigo gaisuwa na ce masa ya tafi da tef ɗinsa.

Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. A gurguje, direba yana hura min hon.

Na jefa. Kin san aikina allura ne, hannuna ba ya kuskure, amma ranar sai ya yi. Kwabon ya daki gefen teburin Baba, ya faɗi, ya gangara ta tsagar da ke tsakanin gindin teburin da siminti, muka ji ya kwanta a can ciki. Auta ya ɗauko wayar ƙarfe zai zaƙulo, na ce in an jawo shi zai iya juyawa, bai ƙirgu ba. Ya ce a sake jefawa, na ce sau ɗaya kuka ce, ku biyun, a rubuce.

Mai gini ba zai jira ba, don haka na biya. Takardar shago ta fito da sunana da naki. Na ce wa Auta duk ranar da aka ga hoto za mu mayar masa da ita. Ya san hanya ɗaya ce, sai an sa wa teburin zarto. Ya ɗauko zarton, ya daɗe riƙe da shi, ya mayar ya rataye.

Ba zan ce miki ya warke ba. Jiya ya bi ta bayan tasha, an ce ya rage tafiya, bai shiga ba. Yanzu haka da nake rubutu yana kwance a ƙasa da tocila, kuncinsa a kan siminti, yana cewa kamar ya hango gefensa.

Ya sake wa mutumin nan ƙofarsa. Ki huta lafiya.

Amarya